Hannun da Ya San Kwaɓi

Shekara biyu na yi a gidan nan na unguwar Abu Hail a Dubai ban taɓa ɗaga kai na kalli silin ɗinsa da niyya ba. Na san dai fari ne, kuma ba sumul yake ba. Irin shafen nan ne da ake fesawa ya bushe da ƙuraje-ƙuraje, kamar an watsa gugguru a sama ya manne. Tsofaffin benayen Deira da yawa haka suke. Ɗan haya kuwa ba ruwansa da sama, in dai esi yana sanyi, famfo yana kawo ruwa, kuma ya samu inda zai ajiye mota.

Wanda ya fara kallon silin ɗin da gaske mahaifina ne, shi ma don ba shi da wani abin kallo. A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, lokacin da duk inda ka juya a Dubai ƙarafan gini ne tsaye a sararin sama, hutun mako kuma Alhamis da Juma'a. Hawan jini ya kayar da shi a Kano yana kan aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Bakin ya karkace kaɗan, amma ana jin abin da yake faɗa. Hannun ne ya ƙi. Na nema masa bizar ziyara, na kawo shi don a riƙa yi masa gashi da motsa jiki a asibiti, muka gyara masa ƙaramin ɗakinmu ni da matata, muka sa masa gado kusa da taga.

Baba magini ne, gadon sana'ar ya yi. Ya yi ginin ƙasa, ya ɗaura azara, ya yi yaɓe da makuba. Da siminti ya ci gari ya koyi filasta ba da son ransa ba, ya kuma fi waɗanda suka koya masa. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami "kai" nake amsawa, da na gama jami'a na koma "Injiniya". Yana da wata murya da yake faɗin kalmar da ita, wadda ban taɓa gane yabo ce ko ba'a ba. Na fi zargin ba'a, kuma ina da dalili. Ni da nake zana benaye masu hawa barkatai a kwamfuta, ban taɓa riƙe cokalin gini na shafe ko faɗin tafin hannu ba. A da, in ya ce in zo in taka ƙasa, sai in ce an ba mu aikin gida a makaranta. Wani lokacin gaskiya ne. Bai taɓa matsa min ba, kuma rashin matsawar nan ya fi duka zama a raina.

Abin da ya fi hannun tayar mana da hankali shi ne abinci. Baba ya daina ci. Ba wai ba ya jin yunwa ba. A rayuwarsa bai taɓa kai loma baki da hagu ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba, balle a gidan ɗansa, a gaban surukarsa. Na kira wani malami da yake girmamawa a waya, ya yi masa bayanin cewa lalura ce, babu laifi a kansa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na sani, Malam, Allah ya saka da alheri," ya miƙo min wayar, ya juya fuskarsa bango. Batun a ba shi a baki kuwa, ko ƙarasa faɗa bai bari na yi ba. Kunu kawai yake sha. Sai ya ɗora kofin a tafin daman, ya rungume su duka da hagun, ya kai baki, don dai a ce da dama ya sha.

Matata ba abin da ba ta girka ba. Tuwon shinkafa da miyar taushe, tuwon masara da miyar kuka, da daddawar da take roƙa wurin mutanen kargo, masu jigilar kaya, in sun dawo daga gida. Ta kai masa, ta durƙusa, ta ce, "Baba, a daure a taɓa ko kaɗan ne." Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ajiye." Bayan awa guda ta ɗauko kwanon yadda ta kai shi. Muna gani wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ƙashin kafaɗarsa ya fito. Mai yi masa gashi a asibiti ta gaya min ƙarara cewa jikin da ba ya cin abinci ba zai yi ƙarfin da hannu zai dawo ba. Ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa kullum. Baba ya juya ƙwallon a hagunsa, ya dube ni ya ce, "Injiniya, tambaye ta, shekara nawa take gani na yi a duniya?" A ƙarƙashin gado ƙwallon ta ƙare.

Ni kuma ina da saurin fushi, ban gaji haƙurinsa ba. Tsoro nake ji, tsoron zan mayar da shi Kano a kwance ko ma abin da ya fi haka, amma tsoron da ya zo bakina sai ya fito a haushi. Wata rana na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, to me kake so in yi?" Ya ce, "Ka mai da ni gida." Na fita na zauna a mota na kusa awa ɗaya, ina jin kunyar kaina.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga aiki bayan la'asar, na shiga gaishe shi. Yana kwance rigingine kamar kullum. Maimakon ya amsa gaisuwar, sai ya ɗaga sandarsa ya nuna sama.

"Injiniya, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ban sani ba, haka na tarar da gidan.

Ya ce, "An yi watsin farko ba a bi da shafe ba. Maginin gudu ya yi ko mutuwa?"

Sai a lokacin na gane abin da yake gani. A wurin masu filasta, ana fara watsa kwaɓi a jikin kankare, a bar shi da kaushinsa don shafen da za a bi da shi ya samu abin kamawa. Shi Baba kusan wata guda yana kwance yana kallon aikin da a ganinsa an bari a rabi. Na yi dariya, na ce ai ado ne, da gangan ake fesa shi haka, yana ɓoye rashin daidaiton silin, yana kuma rage ƙara.

"Ado," in ji shi. Ya daɗe yana kallon saman. "Yana ɓoye rashin daidaito. Wato wanda bai iya ba ya samu inda zai ɓuya. Shekara nawa kana kwana a ƙarƙashin aikin da ba a gama ba, kai da ake ce wa injiniya?"

Ana cikin haka maƙwabcinmu ya shigo, wani Alhaji mutumin Damagaram da ke harkar kargo a Muraqqabat, wanda ya ɗaukar wa kansa zuwa gaishe da Baba kullum da yamma. Da ya ji zancen sai ya yi dariya har da tafa hannu. Da Hausarsa mai gauraye da Faransanci da Larabci ya ce, "Baba, ai haka plafond ɗin yake a duk benen nan, har nawa ɗakin. Yayi ne na da, khalas, ya wuce." Baba ya ce, "To duk benen ba a gama shi ba." Alhaji ya ce, "Bon, tunda Baba ya faɗa, ba a gama ba."

Da muka fito falo matata ta ja ni gefe. Ta ce, "Ka lura? Maganar da ya yi yau ta fi ta sati biyu." Na ce na lura. Ta ce, "To kankare masa shi mana." Na ce, "Silin ɗin mutane?" Ta ce, "Yallaɓai, ai tambaya ake yi." Washegari na samu mai gadin benen, ya kira mai gidan a waya, wani dattijon Balarabe da ban taɓa gani ba. Amsarsa gajera ce: in yi abin da na ga dama, amma in bar masa silin ɗinsa fari.

Ranar Alhamis da safe muka mayar da Baba falo, na fitar da gadon, na ari tsani wurin mai gadi. Na sayo makankari, wani faffaɗan ƙarfe mai mariƙin katako. Abin da ban yi ba shi ne tambayar Baba yadda ake yi. Girman kai ne, ba wani abu ba. Na ga ai kankarewa ce kawai, ba sai an yi digiri ba, kuma ni ina da digirin ma.

Na hau tsani na fara. Abin ya yi tauri kamar dutse. In na danna da ƙarfi bakin ƙarfen ya soki silin ya bar rami, in na sassauta ya zame a banza. Ƙura fara ta cika min ido da hanci da gashin kai. Ban kashe esi ba, shi kuma ya kwashi ƙurar ya raba wa ko'ina har kicin, inda matata ta rufe tukunyarta tana tari. Bayan awa biyu abin da na kankare bai fi faɗin faifai uku ba, shi ma duk rauni. Wuyana ya ƙage, raina ya ɓaci, ina ta zagin wanda ya ƙirƙiro wannan ado a zuciyata.

Sai na ji ƙarar sanda a kan tayil, da jan ƙafa. Baba ne ya taso daga falo da kansa, ba wanda ya ce masa ya tashi. Tunda ya zo ƙasar bai yi taku goma ba sai an lallashe shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi saman, ya dube ni.

"Sauko."

Na sauko.

"Wa ya koya maka kankare busasshen gini? Ba ka san gini yana shan ruwa ba?"

Ya sa aka kawo masa kujera bakin ƙofa, ya rufe hancinsa da gefen mayafinsa, ya fara ba da umarni. A kashe esin nan. A buɗe taga, tunda lokacin sanyi ne. A shimfiɗa leda a ƙasa. A kawo ruwan ɗumi a bokiti, a ɗan zuba omo, a kawo tsintsiya. Na tsoma tsintsiyar na hau ina yayyafa wa silin, rabin ruwan yana gangarowa ta hannun rigata har hammata. Alhaji ya leƙo ya ga halin da nake ciki, ya koma ya ɗauko wani abin feshi da yake ba shukokinsa ruwa da shi. Baba ya ga yadda yake fesawa, ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kam an yi dabara."

Na jiƙa wuri kamar faɗin tabarma, na ɗauki makankari. Ya ce, "Ajiye. Jira."

"Har yaushe, Baba?"

"Har ya sha."

Na dubi agogo. Ya ce, "Ba agogo za ka duba ba, shi za ka duba." Na tsaya ina kallon silin kamar sakarai. A hankali farin ya fara komawa ruwan toka, ƙurajen suka yi laushi a ido. Ya ce in taɓa da yatsa. Na taɓa, yatsan ya nutse. Ya ce, "To, kwantar da ƙarfen, kada ka soka. Tura shi kamar kana kwasar tuwo." Na tura. Abin ya saki gaba ɗaya, ya riƙa zubowa a kan leda kamar jiƙaƙƙen gari, ba ƙura ko kaɗan, a bayansa ga silin sumul. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji ya fi na ranar da aka amince da zanena na farko a ofis. Daga baya ma na ji ana cewa ƙurar irin wannan tsohon shafe tana iya yi wa huhu illa. Ashe ruwan nan da Baba ya sa na fesa ba sauƙin aiki kawai ya ba mu ba.

Hutun mako biyu muka ɗauka muna kankarewa, Alhamis tun safe, Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Aikin kansa ba shi da yawa, jiran ne mai yawa. A fesa, a jira, a kankare, a matsar da tsani, a sake fesawa. Ni ban iya jira ba. A wurin aikina kowa gudu yake, yalla yalla, bene yana tashi hawa ɗaya kafin ka gama duba na ƙasa. A ɗakin nan kuwa dole na sauko na zauna a kan bokitin da na kife, kusa da ƙafar Baba, muna kallon sama tare. Ban tuna wani lokaci a rayuwata da na zauna da shi haka ba, ba gaisuwa ba, ba kawo ƙara ba, ba neman izini ba.

A cikin jiran nan yake magana. Ya ba ni labarin wani soro da suka yi da mahaifinsa, da yadda ake barin kwaɓin ƙasa ya kwana yana ruɓa kafin a taɓa shi. Ya ce gini ba ya son gaggawa, in ka yi masa gaggawa zai rama a kanka da damina. Wata rana kuma, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Na san ba kullum ake ba ku aikin gida ba." Na ji kamar jiya na yi ƙaryar, yau aka kama ni. Na ce, "To me ya sa ba ka taɓa cewa komai ba, Baba?" Ya ce, "Hannunka na duba, na ga na biro ne. Ban ji haushi ba. Na dai so ko sau ɗaya ka zo ka ga yadda nake yi." Sai ya nuna sama da sanda ya ce, "Ya sha, hau."

Na hau, kuma na gode wa Allah da tsanin ya juya masa bayana.

Amma duk wannan bai sa ya ci abinci ba. Bakinsa ya buɗe, ƙafarsa ta ƙara ƙarfi, yana zuwa bakin ƙofar nan da kansa, har ya fara yi wa Alhaji tsiya kan Hausarsu ta Damagaram. Kwanon tuwo dai yana fitowa yadda ya shiga. Kwanakin bizarsa suna tafiya, jikinsa yana ƙara zubewa. Na fara gaya wa kaina cewa abin da zan samu ke nan, in mayar da shi gida yana magana, ko da ba ya ci.

Da aka gama kankarewa, sai aibin silin ya fito fili. Ga ramukan da na yi ranar farko, ga kuma rashin daidaiton da adon yake ɓoyewa, kamar yadda Baba ya faɗa. Sai an bi shi da shafe kafin fenti. Na je Al Qusais wurin masu kayan gini na sayo buhun farin garin da suke kira majun, wanda ake kwaɓawa da ruwa a cike ramuka a lailaye. Na sayo cokalin shafe da roba mai faɗi. A jikin buhun an rubuta yawan ruwan da za a zuba, ni kuma mutumin rubutu ne, sai na ɗauko kofin awo na matata na auna daidai. Na kwaɓa, na ɗiba, na hau, na shafa. Ya zame daga cokalin ya faɗo min a goshi. Na ƙara gari. Wannan karon ya yi tauri, yana jan cokali yana tsagewa.

Baba ya ce, "Kawo nan."

Na ɗora robar a kan 'yar kujera a gabansa. Ya tsoma hagunsa, ya ɗebo, ya murza tsakanin yatsu. Ya ɓata fuska. Ya sake murzawa. Ya ce, "Wannan hannun jahili ne. Shekara da shekaru yana rakiya, bai koyi komai ba." Ya goge shi a gefen robar. Ya dubi kwaɓin. Sai ya kama wuyan hannunsa na dama da hagun, ya ɗago shi daga cinyarsa, ya sauke shi cikin robar.

Ban motsa ba. Matata tana tsaye a bayansa da bokitin ruwa, ta girgiza min kai alamar kada in ce uffan. Hannun yana kwance a cikin farin kwaɓi kamar ba nasa ba. Can sai na ga babban yatsan ya motsa, ya goga a gefen manuni. Kaɗan ne, in ba kana kallo ba ba za ka gani ba. Ya sake gogawa.

"Ƙara ruwa," in ji Baba, idonsa a rufe. Matata ta tsiyaya. "Kaɗan. Ya isa."

Yatsun suka fara lanƙwasuwa, a hankali, suna rawa. Ba su haɗu duka ba, amma na ga majun yana fitowa ta tsakaninsu. Ya buɗe, ya sake matsawa. Gumi ya tsatstsafo masa a goshi. Ya daɗe yana yi, ya wuce abin da kwaɓin yake bukata nesa ba kusa ba, har ya fara kamawa a cikin robar. Da ya buɗe ido ya ce, "Ga shi nan ka tsaya kallo har ya daskare. Zubar, kwaɓa wani." Na ce to, Baba.

Daga ranar ban sake auna ruwa daidai ba. Kullum in na dawo daga aiki sai in kwaɓa majun, yau ya yi ruwa, gobe ya yi tauri, in kawo masa ya gyara. Silin ɗin da shafe ɗaya da 'yan cike-cike zai ishe shi, sai da na yi masa uku, ina goge kowanne da sanfefa in sake. Mai shagon Al Qusais har ya tambaye ni ko gida guda nake gyarawa. Na tabbata Baba ya gane, don mutumin da ya san ba kullum ake ba da aikin gida ba ba zai kasa gane wannan ba. Bai taɓa tona ni ba. Ya dai riƙa cewa, "Kai dai kanka ba ya ɗaukar kwaɓi," yana tsoma hannu. Mai gashin asibiti ta ga canji ta yi murna, ta ce ashe ana amfani da ƙwallon. Na fassara wa Baba. Ya ce, "Ce mata sosai."

Ranar da na gama fenti, aka mayar da gadon, ya kwanta ya daɗe yana bin silin da ido daga kusurwa zuwa kusurwa. Ni da kaina ina ganin inda hannuna ya karkace, in hasken taga ya bugi wurin. Ya ce, "Ba laifi. Aikin ɗan koyo ne, amma an gama shi." A duk shekarun da na yi ina aiki, ba a taɓa yi min yabon da na riƙe kamar wannan ba. Baba bai sake gini ba. Ya koma Kano da sandarsa, ya yi wasu shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma hannun bai taɓa dawowa kamar da ba. Amma ba wannan nake son faɗa ba.

Saura kwana tara bizarsa ta ƙare, ranar Juma'a, matata ta tuƙa tuwon shinkafa. Ba ta mulmula shi ba kamar yadda ta saba. Ta zuba shi haka nan a kwano, ta ɗauki miyar kuka a wani, da ruwan wanke hannu, ta ce in biyo ta. Ta durƙusa a gaban Baba, ta ajiye kwanon a kan 'yar kujerar nan da muke ɗora robar majun.

Ta ce, "Baba, a duba min tuwon nan. Ina ga kamar ya yi ruwa."

Ya dube ta. Ta sunkuyar da kai. Ya dube ni, na mayar da idona kan silin. Na ji tsoron kada ya ga kamar mun mai da shi yaro, ya juya mana baya a rasa har maganar da aka samu. Sai ya miƙa damansa, ta zuba masa ruwa ya wanke. Akwai sauran fari a gefen faratansa da sabulu bai fitar ba. Ya sa hannun a kwanon, ba tare da hagun ya taimaka ba. Ya gutsuro, ya murza, ya juya shi a yatsu har ya zama 'yar loma, karkatacciya.

Ya ce, "Bai yi ruwa ba."

Lomar tana hannunsa. Abin da aka taɓa ba a mayar da shi kwano, kuma Baba ba mutumin da zai zubar da abinci ba ne. Matata ta miƙe ba tare da ta ɗago kai ba, ta ja hannun rigata, muka fita ta ja ƙofar. Babba ba ya ci ana tsaye a kansa.

Muka zauna a falo. Ina jin motoci a titi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na kasa daurewa, na tashi na leƙa ta inda ƙofar ba ta rufu ba. Ya tokare gwiwar hannun daman da hagunsa, ya sunkuyo da kansa ƙasa ya tarbi lomar a rabin hanya. Miya ta ɗiga a rigarsa. A gefen tuwon ga sawun yatsu huɗu a jere, irin wanda yake bari a jikin bango in ya yi yaɓe. Na koma na zauna, hawaye suna zuba, ban ma yi ƙoƙarin ɓoye wa matata ba. Ita ma nata take sharewa da gefen mayafi.

Can muka ji ya buga sandarsa a ƙasa.

"Injiniya!"

Na share fuska na je bakin ƙofa. Na ce, "Na'am, Baba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ce mata a ƙaro miya."